Faks a Kan Wayar Intanet: Inda Takarda Ke Maƙalewa

 Yau shirin faɗakarwa daga nan Minna zai tsaya ne a kan na'urar faks, da irin ciwon kan da take jawo wa wanda ya jona ta da wayar gida mai aiki ta intanet.

Mai sauraro zai iya cewa, a zamanin WhatsApp da imel, wa ya rage yana neman faks? Akwai su, kuma ba tsofaffi kaɗai ba. A ɗauki matashin da ya gama Jami'ar Fasaha ta Tarayya, yana zaune a Bosso yana yi wa mutanen ƙetare aikin kwamfuta, har ya yi wa ɗan kamfaninsa rajista a Amurka don ya riƙa karɓar kuɗinsa cikin sauƙi. Ranar da ya tashi neman lambar haraji, hukumar harajin Amurka, wato IRS, za ta ba shi fom mai suna SS-4. Tun da ba mazaunin ƙasar ba ne, ba zai iya cike shi a shafinsu na intanet ba. Ko dai ya buga musu waya, ko ya aika ta gidan waya, ko ya tura ta faks. Haka ma iyalin da ke nema wa majinyaci gado a wani asibitin Amurka, ana iya ce musu su turo sakamakon gwaji ta faks, domin asibitocin can da yawa har yau da ita suke musayar bayanan marasa lafiya.

Su ma manyan ƙasashen kokawa suke yi da ita. A 2018 an gano cewa asibitocin gwamnatin Ingila na riƙe da na'urorin faks sama da 8,000, har ministan lafiya na lokacin, Matt Hancock, ya hana sayen sababbi. A Japan, minista Taro Kono ya yunƙura a 2021 zai kore ta daga ma'aikatun gwamnati, ma'aikata suka yi ta kawo dalilan da za su sa a bar musu ita. Majalisar dokokin Jamus kuwa sai a 2024 ta sa wa kanta wa'adin rabuwa da faks.

Na'urar ta girmi wayar tarho ma. Wani maƙerin agogo ɗan Sikotlan, Alexander Bain, ya yi wa dabarar rajista a 1843, kuma a 1865 an riga an fara aika takardu tsakanin Paris da Lyon, alhali Bell bai fito da tarho ba sai 1876. Irin faks ɗin da aka sani a ofisoshi kuwa, ƙa'idarta ta 1980 ce, kuma an gina ta ne a kan layin wayar tagulla, wanda idan aka buɗe shi tsakanin mutum biyu, nasu ne su kaɗai har a ajiye.

Dattawan Minna sun san wannan layi. A zamanin hukumar waya ta NITEL, wadda aka kafa a 1985, lambar garin 066 ce, kuma mai son tura takarda Legas ko Landan yakan je ofishin waya ko shagon buga takardu, ya biya a kan kowane shafi. Layukan ƙasa a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo a watan Agustan 2001. Cikin 'yan shekaru jama'a suka koma salula, wayoyin tagulla suka lalace, ita kanta NITEL aka sayar da kadarorinta. Yau mai faks a Tunga ko Chanchaga da wuya ya sami irin layin da aka ƙera na'urar dominsa. Abin da ya rage masa shi ne ɗan akwatin da ake kira adafta, mai ramin jona waya ta gefe ɗaya, da ramin jona intanet ta ɗaya gefen. Daga nan matsalar ke farawa.

Duk wanda ya taɓa kiran lambar faks bisa kuskure ya san wannan ƙara mai huda kunne. Magana ce tsakanin na'urori biyu. Mai kira tana yin fito na rabin daƙiƙa, ta yi shiru daƙiƙa uku, ta sake. Mai amsawa ta mayar da nata fiton mai ɗan tsawo. Daga nan sai su daidaita a hankali kan gudun da kowacce ke iyawa, da girman takarda, da kyan rubutu. In sun shirya, mai kira ta yi gwaji na daƙiƙa ɗaya da rabi a gudun da aka zaɓa. Idan ya isa lafiya, shafi ya kama hanya. Idan bai isa ba, su sauko mataki ɗaya su sake, daga 14,400 zuwa 12,000, zuwa 9,600, har ƙasa zuwa 2,400. Waɗannan lambobi adadin ɗigon bayanai ne da ke wucewa a daƙiƙa guda. Bayan kowane shafi ma sai mai karɓa ta ce ya iso. Kuma na'urar ba ta da dogon haƙuri: in ta yi tambaya ta jira kamar daƙiƙa uku ba amsa, sai ta maimaita, bayan karo na uku ta katse kiran.

Wayar intanet ba ta buɗe wa kowa layi nasa. Tana yanka sauti gunduwa-gunduwa, galibi ƙunshi 50 a kowace daƙiƙa, ta jefa su cikin hanyar da bidiyo da saƙonni da komai ke bi. Tsohon layi kamar famfo ne da ke zuba ba tsayawa, intanet kuwa 'yan garuwa ne, kowa da jarkarsa: wani ya iso da wuri, wani ya makara, wani jarkar ta faɗi a hanya. Idan mutane ne ke hira, ƙunshi ɗaya ya ɓace, kunne ba ya ma lura, in ya lura ƙwaƙwalwa ta cike giɓin. Faks ba ta iya wannan ba. Ƙunshi ɗaya da ya salwanta a gudun 14,400 ya tafi da ɗigo 288 na shafin, kuma abin da ya fi muni, yana iya sa na'urorin biyu su rasa takun juna gaba ɗaya. Shi ya sa ake ganin abin da ke ɗaure wa mutane kai: kira na shiga, murya garau, amma faks ta ƙi wuce shafi na biyu.

Akwai kuma matse murya. Don rage cin data, kamfanonin waya da yawa suna amfani da tsari irin G.729, wanda ke matse sauti ya koma ɗigo 8,000 a daƙiƙa. An tsara shi ne a kan yadda maƙogwaro da bakin ɗan Adam ke fitar da magana, don haka duk abin da bai yi kama da magana ba sai ya dagula shi, fiton faks kuwa ba ya tsira. Tsarin da ke ɗaukar sauti yadda yake shi ne G.711, mai ɗigo 64,000.

A 1998 Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da magani na musamman mai suna T.38. A wannan tsari adafta ba ta tura fiton kansa. Tana sauraron na'urar faks, ta fahimci abin da take faɗa, ta tura shi a matsayin bayanai, tana maimaita kowane ƙunshi a cikin na bayansa, ta yadda ko ɗaya ya ɓace akwai madadinsa. A can ɗaya ƙarshen sai a sake mayar da shi fito. Dabara ce mai kyau, sai dai dole adaftar da kamfanin da ke ba da layin su iya ta duka biyu. In ɗaya ya iya ɗaya bai iya ba, kiran zai shiga, a ji fito, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya mutu.

Nan ya kamata a ja hankalin mutanen Minna kan wani kuskure mai sauƙin faɗawa. Gidaje da shaguna da yawa intanet ɗinsu na zuwa ne ta rauta mai ɗaukar sim. Wasu daga cikin waɗannan rautoci suna da ramin jona wayar tebur a bayansu, sai mutum ya ga ramin ya yi daidai da igiyar faks ɗinsa, ya jona. Wannan rami kiran salula yake yi, ita kuwa salula matse murya take yi. Galibi faks ba za ta wuce ta nan ba ko an kwana ana gwadawa, kuma ba laifin na'urar ba ne. Kuɗin da za a kai wa mai gyara a kan wannan asara ce.

To, idan takarda ta ƙi tafiya, daga ina za a fara? Daga abin da ba ya cin ko sisin kwabo. A sa takarda a na'urar a danna kwafi. In kwafin ya fito tsaf, idon na'urar da firintarta lafiya suke. Sannan a cire faks ɗin, a jona wayar tebur a ramin adafta, a ɗaga a ji ko akwai sautin layi, a kira wani a saurara ko murya na yankewa. A duba bayan faks ɗin kuma: ramuka biyu ne, ɗaya na layi, ɗaya na ƙarin waya, kuma kamarsu ɗaya. Igiyar da ta fito daga adafta ramin layi take shiga. Ta zama gajera, kai tsaye, ba wani mahaɗi a tsakani.

Shafin da ya isa da lahani ma yana nuna inda ciwon yake. Baƙin zare da ya sauko daga saman takarda zuwa ƙasa, galibi datti ne a gilashin na'urar mai aikawa, abin da ƙurar hunturu ta saba jawowa, kuma tsumma mai laushi ya ishe shi. Amma in layukan rubutu ne suka tsinke ta kwance, ko suka hau juna, ko rabin shafi ya fito fari, to laifin hanya ne.

Lamba ma tana kayar da mutane. Mai turawa Ingila zai sa 44, ya jefar da sifirin farko na lambar. Japan 81 ce, Jamus 49, Saudiyya 966, Amurka 1. Abin da ake dannawa kafin lambar ƙasa ya danganta da inda kamfanin layin yake: a Najeriya 009 aka sani, layin Ingila 00 yake so, na Amurka 011. A cikin gida kuwa, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta canza tsarin lambobin layin ƙasa daga 1 ga Janairun 2024, aka ƙara 02 a gaba, 01 ta Legas ta koma 0201, 09 ta Abuja ta koma 0209. Lambar faks da ke kan tsohuwar takardar ofis mai yiwuwa ta mutu tuntuni. A kira ta da waya tukuna. In ba a ji fito ba, babu amfanin wahalar da na'ura.

Idan duk wannan lafiya ne, sai a shiga saitin na'urar a rage gudu, kuma nan ne matsaloli da yawa ke warwarewa. Sababbin na'urori suna zuwa daga kamfani a kan 33,600, gudun da da ƙyar yake tsira a kan intanet, wanda kuma adaftoci da yawa masu T.38 ba su san shi ba. A sauko da shi 9,600, na aikawa da na karɓa. A na'urorin HP matakai uku ne, a zaɓi na ƙasa. Na Brother da yawa suna da zaɓin da aka rubuta VoIP a jikinsa, shi ake so. Shafi zai ɗauki rabin minti ko fiye, amma zai fi samun damar isa.

Daga gudu sai ECM, wato tsarin gyaran kuskure, kuma a nan ra'ayin masu aikin ya rabu. ECM na raba shafi kashi-kashi, duk kashin da ya iso da lahani mai karɓa ta ce a sake turowa. A layi mai kyau alheri ne. A layin da ke zubar da ƙunshi kuwa, sake turowar ba ta ƙarewa, kiran ya yi ta tsawo har na'ura ta katse, ba a sami ko shafi ɗaya ba. Shi ya sa masu ƙera na'urori da dama ke ba da shawarar a kashe shi a kan wayar intanet. Amma fa in an kashe, shafi zai wuce ko da ya rasa layi ɗaya ko biyu. In wasiƙar gaisuwa ce, ba komai. In takardar asibiti ce mai ɗauke da adadin magani, ko fom mai lambar asusu, layi ɗaya da ya ɓace ba ƙaramin abu ba ne. Ga irin wannan takarda, abin da ya fi shi ne a fara gwadawa da ECM a kunne a gudun 9,600. Sai ta ƙi sannan a kashe, kuma a kira mai karɓa ya karanto lambobin da bakinsa.

Ita ma takardar tana iya zama sanadi. Hoton fasfo, tambari mai zane, fotokwafin katin shaida da ya fito da ɗige-ɗige, duk suna ninka lokacin kira, kuma gwargwadon daɗewar kira gwargwadon haɗarin tsinkewarsa. A bar kyan rubutu a matakin farko, mai layi 98 a kowane inci, maimakon mai 196, sai fa in rubutun ƙanana ne ƙwarai. Takarda mai shafi 20 a raba ta biyar-biyar, a rubuta lamba a kan kowane shafi.

Saitin adafta kuwa, wanda bai saba ba ya nemi wanda ya iya su zauna tare, a ɗauki hoton yadda yake kafin a taɓa komai. A sa G.711 a gaba, a cire masu matse murya. A kunna T.38 in kamfanin ya tabbatar yana da shi, in ba shi da shi a kashe. A kashe abin da ke tsayar da aika sauti idan an yi shiru, domin yana yanke farkon fito. A kashe mai danne amsa-kuwwa, da ƙarar da ke sanar da cewa wani kira na jira, wadda ita kaɗai ta isa ta lalata shafi. A cikin rauta kuma akwai wani saiti mai suna SIP ALG, wanda aka yi don taimako amma ya yi ƙaurin suna wajen rikita kira, kashe shi kan warware matsalar. Kafin a biya kuɗin layi a tambayi kamfanin kai tsaye: kuna ɗaukar faks, kuma ta wane tsari?

Mutane kan ce, ai intanet ɗina na da ƙarfi, ina kallon bidiyo ba ya tsayawa. Bidiyo yana tara na gaba ya ajiye, shi ya sa ba a ganin tuntuɓensa. Kiran G.711 bai kai ɗigo 100,000 a daƙiƙa ba, ɗan mitsitsi ne a kan abin da 4G ke bayarwa. Abin da faks ke buƙata shi ne ƙunshi ya riƙa isowa daidai wa daida, ba tsallake. Don haka adafta ta shiga rauta da kebul, ba ta Wi-Fi ba. Lokacin aikawa a roƙi mutanen gida su dakata da kallo, musamman masu tura bidiyo ko kiran bidiyo, domin hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci. A zaɓi lokaci kuma. Bayan Isha'i kowa na kan waya, turakun sadarwa sun cika. Bayan Asuba hanya a sake take, kuma na'urar da ke New York ko Landan za ta karɓa ko ofis a rufe yake.

Masu intanet na tauraron ɗan Adam su lura da jinkiri. Tsofaffin taurarin da ke nisan kilomita 35,786 suna sa tambaya da amsarta su ɗauki kusan rabin daƙiƙa ko fiye. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, taurarinsa na kusa, kimanin kilomita 550, amma ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta yana iya sa shi ɗan ɗaukewa. Wani lokaci kuma ciwon ba a gida yake ba sam. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya kwanaki. A irin wannan rana babu saitin da zai yi magani.

Sai wuta. Jihar Neja ce ke da madatsun ruwan lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma mazaunin Kpakungu ko Maitumbi ya san ana ɗauke wuta. Tsohon layin tagulla da wutarsa yake zuwa daga cibiyar waya. Yanzu rauta da adafta da faks duk soket suke jira, kuma ƙiftawar ido ɗaya lokacin juyawa zuwa janareta ta isa ta kashe kira. Rauta da adafta ba sa cin wuta sosai, ƙaramin batirin ajiya ko inbata zai riƙe su. Faks mai firintar leza ita ce mai ci, domin sai ta ɗumama cikinta kafin ta buga, tana iya kayar da ƙaramin batiri nan take. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a zare su daga bango. Mai tsohuwar na'ura mai takardar naɗi kuma ya tuna da zafi ake rubutu a kanta, zafin Maris da Afrilu na iya lalata ta. A yi mata fotokwafi ranar da ta iso, kada a kai ta laminatin, za ta fito baƙa.

Ko an yi duk wannan, faks a kan wayar intanet ba ta zama abin dogaro ɗari bisa ɗari. Ofishin da ke turawa kullum, kamar na lauya ko na wakilin jigilar kaya, ya cancanci ya kashe kuɗi a kan adafta mai T.38 da kamfanin da ya amsa da bakinsa cewa yana ɗauka. Amma wanda zai tura fom sau ɗaya a shekara, sayen na'ura ɓarnar kuɗi ce gare shi. Ya fara tambayar mai karɓa ko zai amshi takardar ta imel. In ya nace sai faks, akwai kamfanonin da ke karɓar takarda a matsayin PDF daga waya ko kwamfuta, su kira lambar daga nasu layin. Ta haka raunin sabis ɗin unguwa ba ya shafar kiran. Sai dai takardar za ta bi ta kwamfutocin wasu. Kafin a ɗora fasfo ko takardar banki ko sakamakon asibiti a shafin da ke cewa kyauta ne, a karanta abin da suke yi da ita, da tsawon lokacin da suke ajiye ta.

Kada kuma a ɗauka takardar da ta zo ta faks ta fi ta imel gaskiya. Suna da lambar da ke fitowa a saman shafi, mai na'urar ne ke rubuta su da kansa, zai iya sa na kowace ma'aikata. A shekarun 1980 da 1990, kafin imel ya yaɗu, da wasiƙa da faks 'yan damfarar da ake kira 419 suka yi ta yaudarar mutane da takardu masu tambarin gwamnati na jabu. Duk takardar da ta zo tana neman a biya kuɗi, a tabbatar da ita ta lambar da aka sani tun farko, ba wadda ke jikinta ba.

Kira ga masu shagunan buga takardu, daga Mobil zuwa Kasuwar Kure har Bosso: in mutum ya kawo takarda, a gaya masa gaskiyar irin layin da ake da shi kafin a karɓi kuɗinsa. In an tura, a buga masa takardar shaidar aikawa, wadda ke nuna lamba da lokaci da yawan shafukan da suka isa, ya ƙirga ya ga sun cika. Shi kuma mai takarda ya adana wannan shaida, ya bi da kiran waya ko imel ya ji ko ta kai hannun wanda aka nufa, domin shaidar ta tabbatar ne kawai cewa na'urar can ta karɓa.